Gidan Kifin Da Yaya Medhat Ya Hana Mu Shiga

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun safe kuna cewa na bar ku tsaye a ƙofar masallaci cikin rana, ku yi min afuwa. Ga ni. Ku wanke hannu, yau ranar cin kifi ce.

Ana sallame Juma'a a masallacin Abul Abbas, Baba ya ɗaga sandarsa sama a tsakiyar fili.

"Kowa ya matso nan! Kada wanda ya ɓace min!"

Mu ashirin da bakwai ne har da jariri. Bas biyu muka ciko daga garinmu Sohag zuwa Iskandariya saboda aikin idon Kaka Nabawiyya, mahaifiyar Baba. Da likita ya kwance mata bandeji, Baba ne farkon wanda ta kalla, ta ce, "Abdurradi, ashe haka ka tsufa?" A nan take ya yi alwashin sai ya ciyar da dangi kaf a Iskandariya, a kan tebur guda, kowa na ganin fuskar kowa.

"Bashmuhandis! Ina Bashmuhandis?"

Yaya Medhat ke nan. Tun da ya gama karatun injiniya ya kama aiki a tashar jiragen ruwa ta garin nan, sunansa na yanka ya ɓace a bakin Baba. Ko ruwa zai ce ya miƙo masa, sai ya ce Bashmuhandis, wato babban injiniya.

Ya fito daga bayan Mama, ya danno hular hana-sallah har gira, ga baƙin gilashi, gumi na bin wuyansa.

"Na'am, Baba."

"Garinka ne. Ka kai mu inda za mu ci, mu ƙoshi, mu lashe yatsu."

Kafin ya buɗe baki Gwaggo Sabah ta riga shi.

"Ni dai kada a kai ni inda ake cin abin da ke tafiya a karkace. Kaguwa ba abinci ba ce."

"Ni nama nake so," in ji Baffa Fathi, ƙanin Baba. "Gasasshe. Wa zai baro Sohag don ya zo ya tsinci ƙaya?"

"Ka zo bakin teku ka ci rago? Haba Fathi!" in ji Gwaggo.

"Kaka ba ta hawa bene," na tuna musu.

"Kuma tebur ɗaya," Baba ya buga sanda a ƙasa. "Ɗaya tak."

Na juya na dubi layukan unguwar Bahari da ke bayanmu. Hayaƙin gawayi na tashi ta ko'ina, ƙamshin kifi da tafarnuwa na dukan hanci.

"Yaya, ga gidajen kifi nan birjik, mu taka da ƙafa mana."

"A'a!"

Yadda ya faɗa da ƙarfi sai da jaririn ya farka.

Ya sassauta murya. "Nan duk na baƙi ne, Ilham. Masu kyau suna can gabas. Ku shiga mota, ku shiga mota."

Wani mai babur da kwandon kifi a baya ya rage gudu kusa da mu, ya ɗaga wa Yaya hannu. Yaya ya juya masa ƙeya, ya tura Gwaggo cikin bas har mayafinta na maƙalewa a ƙofa.

Haka muka bi titin bakin teku cikin cunkoson Juma'a, yara na ihu ta taga, Kaka ta manna goshi a gilashi.

"Wai duk wannan ruwa ne? Shuɗi ne ashe! Ni da na ɗauka toka-toka ne. Sabah, dubi wancan mutumin, ba kunya, daga shi sai gajeren wando!"

"Umma, rufe idonki."

"In rufe? Jiya-jiya aka buɗe min shi!"

Gida na farko a unguwar Sidi Bishr yake. Mai tarbar baƙi ya ƙirga kawunanmu da biro, ya yi murmushi.

"Marhaba, ya Haj. Tara a nan, tara a can bayan ginshiƙi, sauran a waje."

"In raba uwata da jikokinta kamar kayan gado? Mu tafi," in ji Baba.

Gida na biyu na da kyau, har da kwandon furanni a ƙofa. Sai dai ɗakin iyali a hawa na uku yake, lif ɗin kuma ya lalace. Samarinmu suka ce za su ɗauki Kaka a kan kujera.

"Ku ɗauke ni a kafaɗa? Ban mutu ba tukuna."

A gida na uku ko sauka ba mu yi ba. Layin masu jira ya kai bakin titi.

Cikin bas ɗin ya kaure. Yara na kuka, Gwaggo ta fito da busasshiyar gurasa daga jaka tana raba musu, Baffa Fathi ya miƙe ƙafa yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Yaya Abdurradi, Bashmuhandis ɗin naka ya iya sauke jiragen ruwa, amma ya kasa samo mana kujeru. Da ɗana Hazim ne, waya ɗaya zai buga."

Hazim ɗin nan kantin magani gare shi a Sohag. Kullum a kansa da Yaya Medhat ake gasar baki tsakanin Baba da Baffa.

Kunnen Baba ya yi ja. Ni kuwa na ciro wayata na hau bincike. Gidan kifi, babban iyali, ba bene. Na ja, na ja, sai ihu ya ƙwace min.

"Kaka! Kaka! Ga gidan abinci mai sunanki!"

"Wane suna?"

"Kifin Nabawiyya! Wallahi ga shi! A ƙasa yake, ba matakala ko ɗaya. Suna haɗa tebur mai tsawo. Ji abin da wata ta rubuta: mun je mu talatin, ba wanda ya tashi da yunwa. Baffa, har nama suna gasawa! Kuma a Bahari yake, inda muka baro!"

Bas ya ɗauki sowa. Yara suka fara buga kujeru suna rera sunan Kaka.

Yaya Medhat da ke gaba kusa da direba ya juyo a firgice.

"Wannan wurin? Kada ku soma. Na san shi."

"Me ya same shi?" na tambaya.

"Kifinsu kwanan ƙanƙara ne."

"Mutane sun ce daga kwalekwale ake sauke shi."

"Ƙarya ne, su suke rubuta wa kansu. Ga ƙuda. Ga... ga mai gidan ba shi da mutunci. Mugun mutum ne. Maƙaryaci."

"Ka san shi ne?" in ji Baba.

"Sama-sama."

Kaka ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta kai ta kusa da ido, ta ja baya, ta sake matso da ita. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san siffar sunanta.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Ga ni nan da manyan baƙaƙe."

Ta ɗago.

"Direba, juya."

"Kaka, don Allah..."

"Medhat, na tsufa ban taɓa ganin sunana a saman ƙofa ba. Ko guba suke dafawa, can za ni."

Baba ya daki rufin mota da sanda. "Kun ji Hajiya. A juya!"

Duk tsawon hanyar komawa kan Yaya na sunkuye, yana ta rubutu a waya. Na leƙa ta kafaɗarsa, ya kife ta a cinya.

"Wa kake rubuta wa?"

"Wurin aiki."

"Ranar Juma'a?"

"Ilham, ki fita harkata."

Gidan kifin a cikin wani lungu yake, daf da inda masunta ke ɗaure kwalekwale. Shuɗin allo, farin rubutu. A bakin ƙofa an shimfiɗa kifi a kan ƙanƙara, idanunsu na ƙyalli, ga jatan lande manya-manya kamar yatsun Baffa. Gwaggo Sabah da kanta sai da ta haɗiyi yawu.

Kaka ta tsaya a gindin allon, ta ɗaga kai. Ta daɗe a haka. Ba wanda ya ce mata ta yi sauri.

Wani dattijo mai farin gashin baki da jar riga ya tare ƙofa da hannu biyu. An ɗinka sunansa a ƙirji: Shehata. Bai kalli kowa ba, sama yake kallo kamar mai karanta hadda.

"Ku yi haƙuri. Wuri ya cika. Ba kujera. Kifi ya ƙare."

Baba ya dubi kifin da ke kan ƙanƙara. Ya dubi Shehata.

"Wannan fa? Duwatsu ne?"

"An saye."

Na leƙa ta ƙasan hannunsa. "Baba, ga can ciki rabin wurin ba kowa!"

"An kama," in ji Shehata, gumi na tsattsafo masa.

"Kun gani ko?" Yaya ya kamo hannun rigar Baba. "Na faɗa muku ba su da mutunci. Mu tafi, na tuno wani wuri a Mandara..."

Baba ya fizge hannunsa.

"Tsaya. Na gane. Rawani da jallabiya suka gani. Sun ga mutanen Sa'id, 'yan kudu, sun ce 'yan ƙauye sun zo ɓata musu kujeru."

"Wallahi ya Haj ba haka ba ne!"

"To yaya ne? Uwata na tsaye a rana, sunanta na saman kanka, kana ce mata ba wuri? Kira min mai gidan!"

Shehata ya share gumi.

"Na ce kira min mai gidan nan! Ina so in ga fuskar marar kunyar da ya koya muku korar tsofaffi!"

Muryar Baba ta cika lungun. Masu cin abinci suka ajiye cokula. Mai gasa kifi ya fito da mafici a hannu, masu hidima biyu suka tsaya da faranti.

Sai ga su dukansu, Shehata da mai gashi da masu faranti, sun juya a hankali sun zuba ido wuri ɗaya.

Kan Yaya Medhat.

Baba ya waiga bayansa, ko akwai wani. Ba kowa sai bango.

"Me kuke kallon ɗana?"

Shehata ya saki hannuwansa, murya kamar zai yi kuka.

"Ya Ma'allim, na yi iya yina. Ka ce in ce ba wuri, na ce. Ba ka faɗa min abin da zan ce in an nemi mai gida ba."

Na dafe baki, don a nan mai gida ake ce wa Ma'allim. Gwaggo Sabah ta saki salati. Baffa Fathi ya fashe da wata irin dariya har yana riƙe ciki.

"Ma'allim? Ma'allim mai kifi? Yaya Abdurradi, ashe jiragen da yake saukewa ke nan!"

Yaya Medhat ya cire gilashin. Ya cire hular. Ya tsaya a gaban Baba kamar ɗalibin da aka kama a bayan aji.

"Nawa ne, Baba."

"Naka mene ne?"

"Gidan. Ni na buɗe shi."

"Bayan ka tashi daga aiki kake leƙowa."

"Na bar aikin."

"Hutu ka ɗauka."

"Na bari, Baba. Wannan bazara ta uku ke nan."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Bazara uku ina zama a majalisa ina cewa ɗana ne ke riƙe da tashar Iskandariya. Bazara uku! Wanda ya ce min ina Medhat, in ce masa gyara bakinka, Bashmuhandis. Ashe kana nan kana cire ƙayar kifi!"

"Baba, a ofis ɗin nan kullum ji nake kamar an rufe ni a akwati. Hatimi kawai nake bugawa. A nan kuwa tun kafin rana ta fito ina bakin ruwa ina zaɓen kifi da hannuna. Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a ƙarƙashina. Daga Alƙahira ake zuwa a ci shinkafata."

"Shi ya sa ka ɓoye?"

"Na ji tsoron ranar nan ne."

"Kuma kai da bakinka ka ce mai gidan maƙaryaci ne."

Yaya ya sunkuyar da kai. "A nan dai ban yi ƙarya ba."

Dariya ta kusa kuɓuce min, na cije leɓe.

Baba ya juya. "Kowa ya koma mota."

Ba wanda ya motsa, don Kaka ta riga ta wuce. Ta raɓa ta gefen Shehata da 'yar sandarta, ta ratsa tsakanin teburori tana gaisawa da mutane kamar gidan biki, ta ja kujera a ƙarƙashin fanka ta zauna.

"Umma, tashi mu tafi."

"Ka tafi kai."

"Umma!"

"Abdurradi, wa ya yi alwashi? Ni ko kai? Ka ce tebur ɗaya, kowa na ganin kowa. Ga tebur. Ga kowa." Ta nuna Yaya da sanda. "Kai kuma zo nan. Cikin jikokina duka wa ya taɓa sa wa ko akuya sunana? Matso in gan ka da sabon ido."

Yaya ya durƙusa a gabanta. Ta kama kunnensa ta murɗe sai da ya yi ƙara, sannan ta sumbaci goshinsa.

"Wannan na ƙaryar ne, wannan na allon. Tashi ka ba ni abinci."

Ai kafin ka ce me, wurin ya rikice da hidima! Shehata ya dawo hayyacinsa, yana ba da umarni da hannu da ƙafa. Aka jawo tebur aka haɗa da tebur, daga bakin ƙofa har bangon ƙarshe. Samarinmu na ɗauko kujeru, yara na zagayawa a guje, wasu baƙi ma suka tashi da farantansu suka matsa mana suna cewa Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Yaya ya jefar da hular, ya ɗaura rigar girki. Wallahi sai na ga kamar an canja min shi. Mutumin da ya wuni yana raɓe-raɓe, ga shi yana tafiya ƙirji a buɗe.

"Shehata, gurasa mai zafi da miyar riɗi, yanzu! A buɗe manyan kifin nan biyu a gasa da tumatir. Jatan lande a soya rabi, rabi a kasko. Gwaggo, naki fari ne ba ƙaya, kuma ba abin da ya taɓa kaguwa. Baffa, haƙarƙarin rago na kan wuta."

"Ni fa ban ce zan ci ba," in ji Baffa, yana gyara zama.

Faranti suka fara sauka. Gasasshen gauta, ganye, lemon tsami, romon kifi na tururi. Gwaggo ta ce ɗanɗanawa kawai za ta yi, sai ga ta tana kare farantinta da gwiwar hannu. Baffa ya ci loma uku, a ta huɗu ya ce, "Hm. Ba laifi," ya jawo kwanon jatan landen da ya rantse ba zai taɓa ba.

Baba ne kaɗai bai ci ba. Ya zauna a kan tebur saboda Kaka ta ce ya zauna, hannuwansa a kan sanda, idonsa a bango.

Yaya ya zo da kansa ya ajiye masa faranti. Ya cire masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ya matsa lemo, ya koma gefe ya tsaya.

Duk muka yi kamar muna ci, alhali Baba muke kallo ta wutsiyar ido.

"Abdurradi," in ji Kaka da baki cike, "cikinka na kuka, har nan ina ji."

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi farantin. Ya saki sandar da hannu ɗaya, ya gutsuri gurasa, ya dangwalo kifin.

Na riƙe numfashi. Yaya ya runtse ido.

Lomar na daf da bakinsa aka bankaɗo labulen madafa.

Wata mata ce, ƙatuwa, fuska jajir saboda wuta, ɗauke da tire mai faɗin ƙofa, an tula shinkafar kifi har tana zuba. Sitt Gamalat ake kiranta, ita ke riƙe da tukwanen gidan. Tana can ciki tun ɗazu, ba ta san wainar da aka toya a waje ba.

"A ba ni hanya! Ina iyalin Ma'allim? Marhaba, marhaba, kun haskaka mana..."

Ta dire tiren. Idonta ya sauka can ƙarshen tebur, inda Mama ta takure a bayan Gwaggo, ta ja mayafi har hanci.

"La! Umm Medhat! Ke ce a can lungu?"

Yaya ya fara yi mata alama da hannu. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zagaya ta rungume Mama, ta sumbace ta dama da hagu.

"Barka da dawowa! Tun zuwanki na bara nake cewa yaushe za mu sake ganinki. Haba, tashi ki dawo tsakiya! Ke da rabin gidan nan yake naki, kya zauna a gefe kamar baƙuwa?"

Cokali ya faɗi daga hannun wani. Ƙararsa kaɗai aka ji.

Gurasar ta sulale daga yatsun Baba ta faɗa cikin romo.

Ya juya a hankali. A iya sanina bai taɓa kiran Mama da sunanta a gaban mutane ba.

"Su'ad."

Mama ba ta ɗago ba.

"Bara kin ce min wurin likitan ƙashi kika zo."

Mama ta ƙara jan mayafinta.

"Su'ad, awarwaron zinaren da kika ce an zare miki a jirgin ƙasa. Wanda na yi ta zarya wurin 'yan sanda a kansa. Ina yake?"

Mama ta sauke mayafin daga hancinta. Ta ɗauki tsumma ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sannan ta dubi Baba ido cikin ido, ta nuna rufi da firji da kujerun da muke kai.

"Ga shi nan kana zaune a kansa, Haj."

Baba ya miƙe tsaye, kujera ta kife a bayansa.

"Zauna ka ci kifinka kafin ya huce," in ji Mama. "In tuhuma za ka fara, da sauran aiki a gabanka. Rabi ne nawa, kwata na Medhat. Mai ɗaya kwatar yana teburin nan, bakinsa cike da jatan lande."

Baffa Fathi ya ƙware.